Motar soja mai tuƙa kanta: dizal, haɗaka ko batir zalla, kuma a ina za ta sha wuta?

Jami'in da aka ɗora wa alhakin zaɓo wa runduna motocin dako marasa direba yakan fara da tambayar wace mota ce ta fi. Akwai tambayar da ta riga wannan. Idan ƙarfin motar ya ƙare da ƙarfe biyun dare, a inda babu kwalta babu turken wuta, wa zai sake cika ta, da me, kuma cikin minti nawa? Motar da tsarin da ke ciyar da ita abu ɗaya ne, tare ake sayensu, tare suke yin aiki ko su ba da kunya. Shi ya sa kowane ɗaya daga cikin zaɓi huɗun da ke ƙasa mota ce haɗe da hanyar ba ta ƙarfi.

Maganar ta ƙanana da matsakaitan motoci ce, masu ɗaukar daga kilo 400 zuwa tan guda ko ɗan fiye: harsasai, ruwan sha, sojan da aka raunata, ko na'urorin sa ido. Tankar yaƙi ba ta ciki. Rahoton da Cibiyoyin Kimiyya na Ƙasa na Amurka suka fitar a 2021 kan makamashin sojan ƙasa ya nuna cewa manyan motocin yaƙi masu batir zalla ba abu ne mai yiwuwa ba yanzu ko nan kusa, kuma ma'aunin farko zai nuna dalili.

## Ma'aunan da za a ɗora kowane zaɓi a kai

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi, shi ne yawan ƙarfin da kilo guda ke ɗauka. Litar dizal tana ɗauke da zafin da ya kai kusan kilowat-awa 10, amma ƙaramin inji kusan kashi 30 cikin 100 yake mayarwa aiki. Jarka mai lita 20, wadda man cikinta bai wuce kilo 17 ba, tana ba da aikin kusan kilowat-awa 60. Batirin litiyom da aka gama harhaɗa shi cikin akwatinsa, da wayoyi da abin sanyayawa, yana riƙe kusan wat-awa 150 a kilo guda. Ko da injin lantarki ya mori kashi 90 na wannan, sai an loda batir mai kilo 440 da ɗoriya kafin a kamo jarka ɗaya. Nauyin nan daga kason kayan da motar za ta ɗauka yake fita.

Na biyu lokacin cikawa. Ana juye jarka cikin 'yan mintoci, batir kuwa yana son sa'o'i, sai in an tanadi wuta mai yawa.

Na uku alamar da maƙiyi zai gani ko ya ji: rugugin inji, zafin salansa da kyamarar zafi ke hangowa daga jirgi marar matuƙi, da ƙyallin gilashi.

Na huɗu kuɗi, kuma a nan kuɗin saye ƙaramin ɓangare ne. A 2009 jami'an ma'aikatar tsaron Amurka sun shaida wa majalisa cewa kai galan ɗaya na mai zuwa wasu sansanonin da ke lungunan Afganistan yakan ci har dala 400 idan aka haɗa da sufuri da rakiya. Wani bincike na sojan Amurka a shekarar ya ƙiyasta cewa a 2007, a kowane ayarin tankokin mai 24 da suka bi hanya a can, ana samun mutum ɗaya da aka kashe ko aka raunata. Duk litar da aka rage a bakin daga, an rage tafiyar wani direban tanka.

Sai ƙarko, sauƙin aiki, da irin hatsarin da tsarin ke jawowa.

Akwai wani kaya da ake yawan mantawa da shi. Motar da ke tuƙa kanta tana cin wuta ko tana tsaye. Kwamfutar da ke tuƙa ta kaɗai, irin su Jetson AGX Orin, tana jan wat 15 zuwa 60, amma idan aka ƙara kyamarori, na'urar auna nisa da hasken lesa, rediyo da fanka, abin ya kan kai ɗaruruwan wat. Wat 500 na tsawon awa 24 kilowat-awa 12 ne, taya ba ta juya ko sau ɗaya ba.

## Zaɓi na ɗaya: dizal zalla

Misalinsa Mission Master XT na kamfanin Rheinmetall: yana ɗaukar tan guda, yana cin kilomita 750 ba a ƙara masa mai ba, yana kuma da batirin da zai riƙe na'urorinsa har awa shida da inji a kashe. Ba ya buƙatar wani sabon tsari. Rundunonin NATO sun daɗe a kan manufar mai guda, wato F-34, wanda jirgi da mota da janareta duk suke sha, don haka tankar da ke zuwa ta wadatar. Makanikin runduna ya san injin, kayan gyara suna nan, injin kuma yana jure zafi da sanyi fiye da batir matuƙar ana canja masa matatar iska a kan kari.

Aibinsa a fili yake. Ana jin sa daga nesa, ana ganin zafinsa da dare, kuma duk tafiyar da zai yi sai inji ya tashi. Ga aikin lallaɓawa kusa da maƙiyi, wannan ya isa ya fitar da shi daga lissafi.

## Zaɓi na biyu: haɗaka, inji da batir a mota ɗaya

A nan injin lantarki ne ke juya tayoyi, ƙaramin injin dizal kuma aikinsa cajin batir kawai. Motar tana tafe da janaretanta a ciki. Wannan tsarin ya samu gwaji a fagen aiki na gaske.

THeMIS na kamfanin Milrem na ƙasar Estoniya yana ɗaukar kilo 750, yana aiki har awa 15 idan inji da batir suka haɗu, da batir kaɗai kuma kamar awa ɗaya da rabi. Sojojin Estoniya sun yi aiki da shi a Gao ta ƙasar Mali daga 2019 zuwa 2020, inda kamfanin ya ce ya ci kilomita 1,200 cikin awa sama da 330, a kan yashi da duwatsu, cikin zafin da ya kai maki 50. Sojan Amurka kuwa, a shirinsu na S-MET, sun gindaya sharuɗɗan da ya kamata kowane mai saye ya duba: motar ta ɗauki kusan kilo 450, ta yi kusan kilomita 96 cikin awa 72 ba a kai mata ɗauki ba, ta kuma ba da wutar kilowat 3 idan tana tsaye, kilowat 1 idan tana tafiya. Motar MUTT mai taya takwas ta General Dynamics ce ta ci, kuma kwangilar 2020 ta kai dala miliyan 249 don motoci 624. Rukunin farkon nan da rimot ɗin hannu ake sarrafa shi, abin da ke nuna cewa yawancin motocin da ake cewa suna tuƙa kansu har yanzu da rimot ake sarrafa su, ko suna bin soja a baya, ko suna bin wuraren da aka zana musu a taswira.

Sharaɗin ba da wutar nan ya fi yadda ake zato muhimmanci. Motar da ke fitar da kilowat 3 tana cajin rediyoyi da ƙananan jirage marasa matuƙi na ƙungiyar sojoji gaba ɗaya, ta sauke musu batura masu yawa daga kafaɗa. Maimakon ta zama bakin da za a ciyar, ita ce ke ciyarwa.

Yadda ake morar ta shi ne a yi doguwar tafiya da inji, a tabbatar batir ya cika kafin a shiga yankin hatsari, sannan a kashe inji a ƙarasa shiru. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin manhajar motar ta tayar da inji da kanta idan batir ya yi ƙasa. Dole a samu maɓallin da ke hana hakan ƙememe, kuma a gwada shi kafin a karɓi motar, domin injin da ya tashi a lokacin da ba a so ya tona asirin kowa.

Farashin wannan sassauci shi ne kana kula da tsari biyu. Ga mai, ga matata, ga baƙin mai, ga kuma batir mai ƙarfin wuta da na'urar lura da shi. Makanikin da ya iya inji kaɗai bai isa ba, kuma kuɗin saye ya fi na dizal zalla.

## Zaɓi na uku: batir zalla da maikirogirid mai tafiya

Maikirogirid ƙaramar tashar wuta ce mai cin gashin kanta: janareta biyu ko fiye, rumbun batir, wani lokaci da faifan sola, duk a kan layi ɗaya, da kwamfutar da ke yanke shawarar wanda zai yi aiki a kowane lokaci. Motar kuwa, irin su Mission Master SP ko ƙananan motocin da sojojin Yukren ke aika wa da kaya da kwaso masu rauni, ba ta da salansa, sassanta masu motsi kaɗan ne, ƙararta da zafinta ƙasa suke ƙwarai.

A nan ne lissafi ya fi muhimmanci, don haka mu ɗauki misali. Motoci goma, kowace tana cin kilowat-awa 30 a rana, jimla 300. A ƙara asarar caja da wayoyi, a ce 350. Janareta mai lafiya yana ba da kusan kilowat-awa 3 a lita, wato kusan lita 117 ke nan a rana. Man bai ɓace ba, an dai matsar da wurin ƙona shi daga bakin daga zuwa baya.

Idan kwamanda yana son duka goman su cika cikin awa biyu, yana buƙatar kilowat 175 a lokaci guda, wato janareta uku masu kilowat 60 suna aiki kusan iya ƙarfinsu, sannan su zauna banza sauran yinin. Idan akwai rumbun batir, hoton ya canja. Janareta ɗaya mai kilowat 60 zai yi awa bakwai da ɗoriya a kan kashi 80 na ƙarfinsa ya cika rumbun, a kashe shi, rumbun kuma ya juye wa motocin da sauri idan sun dawo. Amma rumbun kilowat-awa 350 yakan kai tan uku da rabi, sai da tirela ko kwantena.

Amfanin rumbun bai tsaya nan ba. Janaretan dizal da aka bari yana aiki ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa na dogon lokaci ba ya yin zafin da zai ƙone man duka. Za ka ga wani baƙin ruwa mai kauri yana tsattsafowa daga mahaɗar salansa, hayaƙi ya sauya launi, bakin alluran mai ya yi gawayi, ƙarfin injin ya ragu. A sansanin da kowace tanti ke da nata janareta, wannan ciwo ne na kullum. Haɗa su a layi ɗaya yana ba da damar kashe biyu, a bar ɗaya ya ɗauki kaya sosai. Janaretocin AMMPS na sojan Amurka, masu kilowat 5, 10, 15, 30 da 60, manyan cikinsu ana iya haɗa su haka.

Abubuwan da ke lalacewa kuwa sanannu ne. Janareta biyu ba sa haɗuwa sai ƙarfin wutarsu da bugunta sun daidaita, ko 50 ko 60 a daƙiƙa, idan aka haɗa su a karkace abin katse wuta zai faɗi ko janareta ya ƙone. Cajar gaggawa da aka kunna farat ɗaya tana durƙusar da ƙaramin janareta, don haka a saita ta ta hau a hankali. Inbatar rumbun, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta layi, dole ta zama irin wadda ke iya kafa layin da kanta, ba wadda ke jiran wani ya kafa ta bi ba, in ba haka ba da an kashe janareta komai ya mutu. Sandar da ake kafawa a ƙasa don kariya ba ta aiki a busasshen yashi sai an zurfafa ta ko an jiƙa wurin. Kayan kamfanoni daban-daban kuma ba sa jin yaren juna, wanda shi ya sa ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar da ƙa'idar MIL-STD-3071 a 2023. Duk wanda zai saya ya nemi kayan da ke bin ƙa'ida buɗaɗɗiya irin wannan, kada kamfani ɗaya ya ɗaure shi.

Babban hatsarin shi ne an tara ƙwai a kwando ɗaya. Motoci suna komawa wuri ɗaya kullum, tayoyinsu suna zana hanya a ƙasa, mai kallo daga sama kuma ba ya buƙatar fiye da haka. Kwamfutar da ke sarrafa tashar ma ƙofa ce ga masu kutse idan aka haɗa ta da wata hanyar sadarwa ba tare da shinge ba.

Irin batirin yana da tasiri a nan. Cikin nau'o'in batirin litiyom, mai sinadarin LFP ya fi nauyi amma ya fi jure zafi da huda, yana kuma kai caji dubu uku ko fiye. Mai NMC ya fi sauƙin nauyi amma ya fi saurin kamawa da wuta. Ga abin da harsashi zai iya samu, LFP ya fi kwanciyar hankali. Dukansu ba a cajinsu idan sanyi ya kai ƙasa da sifili sai an ɗumama su, kuma ajiye su a cike cikin zafin da ya haura maki 45 yana cinye musu shekaru. Gobarar litiyom tana fitar da iska mai guba, tana iya sake tashi bayan an kashe, don haka rumbun ya yi nesa da wurin kwana da ma'ajiyar harsasai. Ta fuskar kuɗi, matsakaicin farashin batir a kasuwar duniya ya sauko zuwa dala 115 a kilowat-awa a 2024, amma wannan na kayan farar hula ne, wanda aka ƙera don jure girgiza da ƙura da harbi ya fi haka nesa ba kusa ba.

## Zaɓi na huɗu: batir zalla da maikirogirid na dindindin

A barikin da ba ya tashi, kusan duk matsalolin da ke sama suna sauƙi. Nauyi ba damuwa ba ne, akwai layin wutar ƙasa, akwai fili. Buƙatar misalinmu ta kilowat-awa 350, a wurin da kilowat guda na sola ke ba da 4.5 a rana, tana son kusan kilowat 78: faifai 195 masu wat 400, nauyin tan huɗu, shimfiɗar murabba'in mita kusan 400 kafin a bar tazara. A bariki wannan rufin ɗakin ajiya ne kawai. A bakin daga kuwa madubi ne da ke kiran jirgin maƙiyi, kuma sai an yi ta goge masa ƙura.

An gwada wannan tuntuni. A ƙarƙashin shirin SPIDERS, barikin Fort Carson da ke Kolorado ya haɗa motocin lantarki da maikirogirid ɗinsa a 2013 ta caja masu kai wuta su dawo da ita, yadda motocin da ke fake suke zama rumbu idan wutar gari ta ɗauke. Takardar manufar sojan Amurka ta 2022 ta sa burin maikirogirid a kowane bariki kafin 2035, amma ga motocin fagen daga ta sa haɗaka a 2035, batir zalla sai 2050. Tazarar nan ta shekara 15 ta nuna inda su kansu suka ga wahalar take.

Kuɗin kafawa ne mafi yawa a cikin huɗun, kuɗin gudanarwa kuma mafi ƙanƙanta.

## Wa zai soka wayar?

Mota ba ta da direba, amma caja tana son hannu. Hanyoyi uku ne. Soja ya soka da kansa, wanda shi ne mafi arha da sauri, sai dai ya ajiye mutum a wurin da aka fi hari, ƙura da laka kuma suna cika bakin soket, don haka murfi da buroshi su zama cikin kayan aiki. Ko a musanya batir: akwatin 6T da motocin NATO ke amfani da shi, na litiyom ɗinsa yana riƙe kilowat-awa 1.5 zuwa 3 da nauyin sama da kilo 20, ya dace da ƙaramar mota, amma mai cin 30 sai an ɗaga fiye da goma. Ko motar ta hau kan faifan caji marar waya da kanta. Ƙa'idar SAE J2954 ta ƙananan motoci ta kai kilowat 11, wato kusan awa uku ga misalinmu, kuma yana son motar ta tsaya daidai, ba guntun ƙarfe a tsakani domin zai yi zafi. A kan siminti yana aiki lafiya, a kan turɓaya da gangare da wuya.

| Ma'auni | Dizal zalla | Haɗaka | Batir da tasha mai tafiya | Batir da tasha ta dindindin |
|---|---|---|---|---|
| Nisan tafiya | Mafi tsawo | Mai tsawo | Gajere | Gajere, amma ya isa |
| Lokacin cikawa | Mintoci | Mintoci | Awa 1 zuwa 3 da rumbu | Sa'o'i, ba gaggawa |
| Shiru da ɓoye zafi | Babu a tafiya | Na ɗan lokaci | Motar shiru, tashar a'a | Shiru |
| Kuɗin farko | Ƙasa | Matsakaici zuwa sama | Sama | Mafi sama |
| Dogaro da ayarin mai | Cikakke | Ya ragu | Ya ragu, ya koma baya | Kaɗan |
| Gyara | Makanikin inji | Inji da lantarki | Masanin lantarki | Ma'aikatan bariki |
| Babban hatsari | A ji, a gani | Yawan sassa | Hari kan tasha, gobara | Kutse, katsewar layi |

## Wanne ya dace da wa

Rundunar da ke sintiri mai nisa a fili buɗaɗɗe, inda ɗauki ke zuwa bayan kwanaki kuma ba a damu da ƙara ba, ta ɗauki dizal zalla, ta tabbatar akwai batirin tsaro na sa'o'i.

Sojojin ƙafa da ke tafiyar kwana biyu ko uku, waɗanda ba su san inda za su kwana gobe ba, haɗaka ce tasu. A ganina ita ce amsar mafi yawan masu wannan tambaya a yau, domin tana ba da shiru a kilomitocin ƙarshe ba tare da ta ɗaure runduna da tirelar batir ba.

Inda layin daga ya tsaya wuri ɗaya, aikin kuma kai kaya ne da kwaso masu rauni a tazarar 'yan kilomitoci, ƙananan motocin batir sun fi dacewa. A raba cajin gida biyu ko uku maimakon tasha ɗaya babba, a ɓoye su, a riƙa sauya hanyar shiga, solar kuma ta zama ƙari kawai.

Gadin bariki, filin jirgi, tashar ruwa ko ma'ajiyar makamai, inda motar ke zagaya hanya ɗaya dare da rana, nan ne batir zalla da faifan caji marar waya suke biyan kuɗinsu.

Wanda buƙatarsa ta kai megawat, kamar cajin manyan motoci da yawa nesa da layin wuta, bai da abin saye a kasuwa tukuna in ba manyan janaretoci ba. Shirin Pele na Amurka, ƙaramar tashar nukiliya mai megawat 1 zuwa 5 da ake ɗauka cikin kwantenoni, wadda aka ba kamfanin BWXT kwangilarta a 2022, ta gwaji ce a jihar Idaho. Mai irin wannan buƙata ya tsara aikinsa a kan janaretocin da aka haɗa da rumbu, ya kuma sa a kwangila cewa za a gwada motar da tasharta tare na awa 72 a irin ƙasar da za su yi aiki, da cikakken kaya a kai.